Awo sananne, wa'adi sananne: yadda magana ke cinye riba tsakanin Jidda da Kano

Ranar wata Laraba bayan la'asar, wata Hajiya mai shago a Kantin Kwari ta turo min saƙon murya na minti bakwai. Ina zaune a ofishin kago da nake aiki a nan Jidda, kwalaye sun kusa taɓa rufi, yaro yana ɗora su a sikeli yana kiran nauyi ina rubutawa. Na kara wayar a kunne. Minti biyu na farko gaisuwa ce: ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, ta yi min ta'aziyyar rasuwar da aka yi mana, ta roƙi in sa ta a addu'a idan na shiga Harami. Sannan ta ce, "Malam, don Allah irin abayar nan da ka aiko min kwanaki, a ƙaro min kamar dozin uku zuwa huɗu, masu ɗan tsayi, a haɗo da dabino mai kyau, kafin Sallah. Maganar kuɗi kuma ka san ba ma haka da kai." Abin da ya rage addu'a ce da sallama.

Saƙon ya yi min daɗi har cikin rai, domin mutuniyar kirki ce, gaisuwarta kuma ba ta fatar baki ba ce. Amma da na ajiye waya na ɗauki biro, sai na tarar ba ni da abu ɗaya da zan rubuta. Kwanakin da take faɗa, abaya iri uku na aika mata. Tsakanin dozin uku da huɗu akwai riga goma sha biyu. Tsayin abaya a nan da lamba ake kiransa, 54, 56, 58, 60, wato inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, kuma "ɗan tsayi" ba ya cikin lambobin. Dabino mai kyau kuwa, Ajwa mai kyau ne, Sukkari mai kyau ne, Mabrum ma haka, amma farashinsu ko hanya bai haɗa ba. "Kafin Sallah" na iya zama ranar jajibiri, alhali ita so take kaya su iso da sauran mako biyu ko uku ta sayar wa masu kayan Sallah.

A shekarun da na yi ina wannan aiki, kaɗan ne daga rigingimun da na gani suka samo tushe daga ha'inci. Galibi mutum biyu ne masu gaskiya, suka yi magana ɗaya, kowa ya tafi da fahimtarsa. Sai kaya sun sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano an buɗe kwali sannan a gane ashe ciniki biyu aka ƙulla, ba ɗaya ba.

Yana da kyau a fara da tambayar me ya sa muke magana haka, domin ba rashin wayo ba ne. Bahaushe ɗan kasuwa ne tun kaka da kakanni. Abin da ke faruwa shi ne an raine mu a kan kara da kunya. Ka tsare babba da tambayar "nawa za ka biya, kuma yaushe?" ana ganinsa rashin ɗa'a. Ka ce wa ɗan uwa "a rubuta" kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Harshenmu ma ya tanadi kalmomin da ke bar wa kowa ƙofar fita da mutuncinsa: "kwana biyu", "zan duba", "sai yadda ta yiwu", "ba komai", "an gama". A zaman tare waɗannan kalmomi alheri ne. A kasuwar ido da ido ma ba su cika yin ɓarna ba, don ga kaya a gabanka, ka taɓa, ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama, kuɗi hannu kaya hannu.

Ko fataucin nesa na da can bai dogara da bakin mutum biyu kaɗai ba. Akwai madugu, akwai fatoma da ke saukar da baƙo ya tsaya masa, akwai dillali da ke tsakiya yana jin kowace kalma, don la'adarsa ta rataya ne a kan cinikin. Waɗannan mutane su ne takardar wancan zamani. Idan gardama ta taso, akwai mai cewa a gabana aka yi, ga abin da aka ce. Kakanninmu da suka tako ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin suka ƙetaro Bahar Maliya, da irin wannan tsari suka yi ta saye da sayarwa a hanya. Wayar hannu ta zo ta kawo mana sauri, amma ta kori shaidar. Saƙon murya ba shi da dillali. Mun riƙe lafazin kara na da, mun yar da mutumin da ke tsaye yana cike giɓin da kara ta bari.

Maganin kuma ba baƙon abu ba ne da sai an je makarantar koyon kasuwanci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina ya tarar mutane suna biyan kuɗin dabino tun kafin ya nuna, na shekara ɗaya ko biyu. Bai hana su ba. Ya ce duk wanda zai biya kafin karɓar kaya, ya yi a kan mudu sananne, da nauyi sananne, zuwa wa'adi sananne. Duk lokacin da na tuna wannan hadisi sai in ga kamar a kan aikinmu ya sauka: garin Madina ne, dabino ne, kuɗi ne a gaba kaya a baya. Mai aiko kuɗi daga Kano ko Maraɗi yana jiran kwali daga Jidda, cikin wannan babi yake tsundum. Kalmar da aka maimaita sau uku ita ce "sananne", kuma ita ce ma'aunin da nake auna kowane saƙon ciniki da shi. In baƙon da bai san mu ba ya karanta, zai iya zuwa kasuwa ya sayo abin ba tare da ya kira kowa ba?

Sanin kaya shi ne mafi sauƙi, hoto da suna da lamba sun wadatar. Sai dai a kula da ma'auni. Turaren mai da tola ake sayar da shi, tola ɗaya kuwa ta ɗan haura giram goma sha ɗaya da rabi, kwalbarta takan ci kimanin mililita 12, kuma akwai rabin tola da rubu'i. Zinari da giram ne, kuma mai karat 21 daban mai karat 18 daban (lambar ingancin zinari ke nan), kuɗin ƙira ma daban. "Kwali ɗaya" ba awo ba ne sai an faɗi abin da ke ciki.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne kuɗi, don haka bari in ɗan daɗe a nan. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, ba ya motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 tana iya sauya farashi tsakanin safe da yamma. To idan na ce wa mutum kayanka sun kama dubu ɗari takwas, ya ce to, ya biya bayan kwana ashirin, wa zai ɗauki bambancin? Ni da riyal na saya. Shi naira ya ji. Kowannenmu yana da hujja. Abin da ke kashe wannan wuta layi ɗaya ne: farashi da riyal yake, za a canza a kan farashin ranar da aka biya. Ko kuma: farashi da naira yake, ya tsaya haka har ranar kaza, bayan nan sai an sake lissafi. Kowanne aka zaɓa daidai ne, muddin an faɗa tun farko.

Sai harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya (VAT), wanda a nan ake ce wa dariba. An fara karɓarsa a Saudiyya ranar 1 ga Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 daga 1 ga Yulin 2020. A kayan riyal dubu goma, riyal dubu ɗaya da ɗari biyar ke nan, kuma sau da yawa ribar mai aikowa gaba ɗaya ba ta kai haka ba. Dilan sari zai iya faɗa maka farashi da baki bai haɗa da dariba ba, sai ka gan ta a ƙasan fatura, wato takardar lissafin kuɗin kaya. In kai ma ka isar da farashin bakin zuwa Kano, ka ci bashin da ba ka san ka ci ba. Tambayar "shamil dariba?", wato da haraji a ciki, daƙiƙa biyu take ɗauka. Tun 4 ga Disambar 2021 kuma doka ta wajabta wa masu rajistar haraji fitar da fatura ta na'ura, ta hannu ba ta wadatar ba, kuma ƙaramar faturar shago tana zuwa da tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da waya. Wannan ya zame mana gata. Ka ɗauki hoton faturar ka tura yadda take, kada ka karanto ta da baki. Bayan haka a bayyana kuɗin kago nawa ne kilo, da ko ya haɗa da kuɗin kwastan da ɗauko kaya daga filin jirgi ko mai kaya ne zai ji da su.

Akwai wani tarko da ba kowa ya san da shi ba, wato kafin alƙalami, wanda Larabawa ke kira arabun. Mu mutanen Yammacin Afirka a mazhabar Malikiyya muka tashi, inda ba a halatta cinikin da mai sayarwa zai riƙe kafin alƙalami idan mai saye ya fasa ba. Hambaliyya, wadda ita ce ta fi rinjaye a ƙasar nan, ta halatta. Dokar mu'amalolin jama'a da ta fara aiki a Disambar 2023 ma a kan haka ta tafi: wanda ya ba da arabun yana da damar fasawa, amma in ya fasa kuɗin ba ya dawowa, sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Na ga dattijon da ya ajiye kuɗi a kan dardumai, washegari ya samu masu sauƙi a wani wuri, ya koma karɓar abinsa aka ce babu. Ya fito yana cewa an zalunce shi, mai shago kuma yana mamakin me ya kawo maganar zalunci. Duk su biyun a kan abin da suka sani suke. Jimla ɗaya a bayan rasit, cewa in an fasa kafin rana kaza za a mayar, da ta raba gardamar.

Lokaci ma yana da nasa ramukan. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne tun 2013, can kuma Asabar da Lahadi, don haka kwana uku a jere wani ɓangare yana rufe. Wanda ya ce "zan tura maka ƙarshen mako" bai faɗi komai ba. Ga kalanda biyu suna tafiya tare, ta Hijira da ta Miladiyya. Na taɓa ganin takarda an rubuta 10/8 kawai, ɗaya yana nufin Sha'aban ɗaya yana nufin Agusta. A rubuta sunan rana, da sunan wata da haruffa, da shekara. Haka lambobin Larabci: biyar ɗinsu (٥) kamar sifilinmu take, sifilinsu ɗigo ne da ƙura ma za ta iya ƙarawa, shidansu (٦) kamar bakwai ɗinmu, biyu da uku kuma a rubutun gaggawa sai mai ido. Kuɗi mai yawa a rubuta shi da lamba a kuma rubuta shi da kalmomi, kamar yadda ake yi a cekin banki.

Abu na ƙarshe shi ne wanda bakinmu ya fi nauyin faɗa, don gani ake kamar fatan tsiya ne: in kaya sun lalace ko sun ɓata, asarar wa? Ɗanyen Sukkari sai da sanyi. In ya kwana biyu a rumbun ajiya mai zafi sai ya narke ya yi tsami. Kwalbar turare takan fashe. In an yi maganar nan tun ana dariya, minti ɗaya ce. In aka bari sai bayan ta faru, takan ci zumuncin shekara ashirin.

Ga abin da na rubuta wa Hajiya a daren nan, bayan na mayar mata da gaisuwarta da murya yadda ya kamata: "Hajiya, ga abin da na fahimta, a duba min. Abaya baƙa mai aikin hannu a wuya, wadda ke hoton nan, dozin 4. Lamba 56 dozin 2, lamba 58 dozin 2. Dabino Mabrum kilo 20. Farashi da riyal, da dariba a ciki, zan turo fatura. Canji na ranar da aka biya. Kaya su bar Jidda kafin 10 ga Ramadan. Kuɗin kago da na kwastan a kanki. In komai daidai ne a rubuto min 'haka ne'." Da safe ta amsa da layi biyu: ba 56 ba, 58 da 60 take so, dabinon kuma Ajwa take nufi, na kyauta ne ga surukanta, kilo biyar ya isa. Kusan rabin abin da na zata ba shi ba ne.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa min: "Haba ɗan nan, ni za ka kawo wa takarda? Ni da ubanka muka yi wasan ƙasa." Amsar da nake bayarwa, cikin ladabi, ita ce: "Baba, ba don kai ba ne, don ni ne da mantuwata, da kuma magada." Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma da muminai take magana. Ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, zuwa wa'adinsa, ta kuma faɗi dalili: shi ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da kawar da shakka. Rai ba a hannunmu yake ba. Na ga marayu a Makka da aka san tabbas mahaifinsu yana bin mutane kuɗi, amma ba wanda ya san nawa, domin lissafin duk a kansa yake, ya tafi da shi kabari.

Dokar ƙasar nan ma ta bi wannan hanya. Dokar kafa hujja a kotu da ta fara aiki a tsakiyar 2022 ta ce mu'amalar da ta haura riyal dubu ɗari da rubutu ake tabbatar da ita, shaidar baki ba ta isa ba, sai a wasu 'yan wurare da aka togace. Ta kuma ba hujjar na'ura, irin saƙonnin waya da imel, matsayin rubutu. Ke nan saƙon WhatsApp da ka tsara da kyau, aka amsa maka da "haka ne", ba wasa ba ne. A kwantiragin aiki kuwa, in an rubuta da Larabci da wani harshe, na Larabcin ne abin dogaro. Duk wanda zai sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, ya nemi wanda zai karanta masa ita layi-layi, ba wanda zai ce masa "ba komai a ciki, irin wadda kowa ke sa wa hannu ce" ba.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce wasu 'yan uwanmu ba kunya ce ke hana su rubutu ba, tsoro ne. Dukiyarsu ce a shago amma sunan wani ɗan ƙasa ne a takarda, abin da doka ke kira tasattur, kuma dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar. Mai irin wannan hali ba ya iya rubuta gaskiyar cinikinsa, in an cuce shi kuma ba ya iya kai ƙara. Babu gwanintar alƙalami da za ta gyara wannan. Gyaransa shi ne a daidaita takardu, ko da ribar za ta ragu.

Wasiƙa zuwa kamfani ko ma'aikata ba ta da wahala in an kiyaye abu ɗaya. Larabci yana da nasa ƙa'idojin girmamawa, a buɗe da sallama da laƙabin wanda ake rubuta wa, a rufe da godiya, kuma bai kamata a tsallake su ba. Amma bayan sallama, layin farko ya zama buƙatar kanta, da lambar fatura ko ta kwantiragi. Mu kan fara da tarihi, tun daga ranar da muka san kamfanin, sai a sakin layi na huɗu mu faɗi abin da ya kawo mu. Ma'aikacin da ke da wasiƙa hamsin a gabansa ba zai kai can ba. Wasiƙa ɗaya, buƙata ɗaya. Kuma kada a rubuta cikin fushi. In rai ya ɓaci a bari sai gari ya waye.

Yanzu sai maganar baka a gaban jama'a, wadda nake ganin mun fi sakaci da ita saboda muna jin mun iya. Lallai Bahaushe ya iya zance, ya iya karin magana, ya iya jan hankali. Amma iya zance daban, isar da saƙo daban. Wurin da na fi ganin haka shi ne taron bitar da kamfanonin jirgin yawo ke yi wa alhazansu a masauki daren 7 ga Zulhajji, kafin fita Mina. Na halarci wani, a zauren cin abinci na otal, mutum sun fi ɗari biyu, da yawa tsofaffi ne, ƙafafu sun kumbura da ɗawafi. Jami'in ya karɓi lasifika ya shiga godiya: shugaban kamfani, mataimakinsa, malamai ɗaya bayan ɗaya, masu dafa abinci. Ya ba da tarihin kamfanin. Kafin ya iso ga lokacin tashin mota, layin baya sun fara zamewa zuwa ɗakuna, mata kuma suna can gefen da sauti ba ya kai wa sosai. Da asuba aka yi ta buga ƙofofi ana neman mutane.

Mutumin nan ba mugu ba ne, yabon da ya yi ma duk sun cancanta. Ya dai sa abin da ya shafe shi a gaba, abin da ya shafi masu sauraro a baya. Tsohuwar da ke zaune a gabansa abu huɗu take son ji: ƙarfe nawa, wace ƙofa, mota mai lamba nawa, me zan riƙe. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, a wuya, lema, ruwa, magani. Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301. A irin wannan yanayi, wanda bai ji lambar motarsa ba ya kama hanya da ƙafa, ransa ne a kan siraɗi. Anas ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta, Nana A'isha kuma ta ce yana magana ne yadda mai ƙirga zai iya ƙirga kalmominsa. Mai lasifika ya yi sallama, ya yi salati, ya faɗi abu huɗun nan a hankali, ya maimaita, ya sa wani daga layin baya ya faɗo su da bakinsa, ya tura mace ta tabbatar ɓangaren mata sun ji. Godiya ta biyo baya, wanda ya gaji ya tafi ya tafi da abin da yake buƙata.

Haka tallar kujerar Umara. "Masauki dab da Harami" magana ce da ba ta da awo. Mita nawa ne? Minti nawa ne a ƙafar dattijo, ba a ƙafar saurayi ba? Akwai hawa? Mota ce ke kai mutane? Mutum nawa a ɗaki? Hadisin Hakim bin Hizam ya ce mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, in sun ɓoye suka yi ƙarya a shafe albarkar. Kalmar Larabcin da ke cikin hadisin ita ce wadda muka ara muke cewa "bayyana". Gaskiya kaɗai ba ta isa ba sai an haɗa da bayani, domin mutum na iya ƙin yin ƙarya ko ɗaya amma ya bar ka cikin duhu.

Zama da attajirin Balarabe a majalisarsa kuwa ba baƙo ba ne gare mu, kusan irin zauren gidanmu ne. Za a zuba maka gahawa a ɗan finjali, ka karɓa da dama, in ta ishe ka ka ɗan girgiza shi. Ba a faɗa wa maganar kasuwa sai mai gida ya buɗe ƙofarta. Amma in ya buɗe, ka zama ka riga ka shirya jimla uku: ga abin da nake so, ga yawansa, ga yadda zan biya. Samfur a hannu ya fi dogon bayani. Kada kuma ka ɗauki "abshir" a matsayin an ƙulla ciniki. Kalmar karamci ce, 'yar uwar "an gama" ɗinmu.

A irin wannan zama ne nauyin tafinta ke bayyana, kuma aikin da aka fi sa mu ke nan, mu da muka daɗe a nan da 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Makka da Jidda masu jin Larabcin Hijaz kamar ruwa. Jarrabawar tafinta ita ce son gyara zukata. Balarabe ya ce ba zai yiwu ba, sai ka ji nauyin Alhajin da ya taso tun daga Kano, ka ce masa "ya ce za a duba". Alhaji ya ce kayan bara ba su da kyau, ka juya ka ce "yana godiya, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba". Kowa ya tashi da fara'a, kai kuma ka dasa rigimar da za ta tsiro bayan wata uku. Lafazi ana iya tausasa shi, wannan hikima ce. Amma a'a ta isa a matsayin a'a, lamba kuma ta isa yadda aka faɗe ta. Nakan gaya wa wanda zan yi wa tafinta tun a mota: "Alhaji, duk abin da ya faɗa zan faɗa maka yadda yake, ko mai daɗi ko marar daɗi, kai ma ka yi magana gajere-gajere don kada in zubar da wani abu a hanya."

In an tashi daga zaman, ba na bari mu isa masauki. Tun a cikin mota nake rubuta abin da aka tsayar, layi biyar ko shida, da Larabci a sama da Hausa a ƙasa, in karanta wa Alhaji, in tura wa su biyun a lokaci ɗaya. Sai Balarabe ya rubuto "tamam", Alhaji ya rubuto "haka ne", sannan nake kiran yaran ofis in ce su kawo kwalaye da sikeli.